Magana a Bisa Kiɗa: Faifan Langston Hughes na 1958

A watan Maris na shekarar 1958 wani marubuci baƙar fata na Amurka, Langston Hughes, ya shiga ɗakin ɗaukar murya a birnin Niyok ya yi aiki da ƙungiyoyi biyu na makaɗan jaz. Bai rera ko baiti ɗaya ba. Tsayawa ya yi ya karanta waƙoƙinsa da muryar da yake hira da ita, makaɗa kuwa suna ta aikinsu a bayansa. Kamfanin MGM ya buga abin a faifan garmaho mai suna Weary Blues. Gefe na fari Leonard Feather ne ya shirya kiɗansa, gefe na biyu kuwa Charles Mingus. Har wa yau, in gardama ta tashi ko magana da kiɗa suna iya zama a tabarma ɗaya ba tare da wani ya danne wani ba, faifan nan yana cikin waɗanda ake fara ɗaukowa. Ya cancanci a saurare shi da kunnen alƙali, gama akwai abin yabo a cikinsa, akwai kuma wuraren da ya kasa.

Kafin hukunci sai an warware wata kalma. Da Hausa, wadda malami ya rubuta a takarda da wadda makaɗi ya yi a bakin kalangu duka waƙa ake ce musu, dukansu kuwa rerawa ake yi. Bambancin shi ne malami ba ya son ganga kusa da tasa. Turawa sun daɗe da raba biyun nan nesa da juna. Tun da injin buga littafi ya yawaita a wurinsu, rubutacciyar waƙa ta koma abin da mutum yake karantawa shi kaɗai a zuci, ko kuwa ya tsaya gaban jama'a ya karanta da irin muryar da ake karanta wasiƙa. Saboda haka sa'ad da marubucinsu ya so ya koma wurin makaɗa, sai ya tarar ba ya iya rerawa, abin da yake da shi magana ce kawai. Mai karatu da ya taɓa ganin sanƙira yana ɗaga murya a bisa kiɗa ya ga abin da ya yi kusa da wannan, amma kusa ne kawai. Sanƙira bara ne ga mawaƙi, yana ƙara wa maganar wani gishiri. A nan mai maganar shi ne mai waƙar.

An haifi Hughes a garin Joplin na jihar Missouri a 1901. Littattafai da yawa sun ce 1902, shi kansa ma haka ya sani, sai a 2018 aka gano a tsofaffin jaridu cewa ya girmi hakan da shekara guda. A 1923 ya yi aikin yaron jirgin ruwa ya ga tashoshin bakin tekun Afirka ta Yamma. A 1924 yana wanke kwanuka a wani gidan rawa a Paris, kiɗan jaz yana shigo masa ta ƙofar kicin har asuba. Littafinsa na fari ya fito a 1926, daga sunansa ne kuwa faifan ya samo nasa. Waƙar da ta ba littafin suna tana zancen wani makaɗin piyano a unguwar Harlem wanda ya yi ta kiɗa da waƙa har dare ya raba, sa'an nan ya je ya kwanta. Manyan ƴan boko baƙar fata na lokacin ba su ji daɗin hanyar da ya ɗauka ba. Da littafinsa na biyu ya fito a 1927, jaridunsu suka yi masa ca, suna cewa ya kwaso zancen mashaya da ƴan wanki da masu bashi ya baje a gaban Turawa. Shi kuwa bai janye ba.

Sai an san yadda aka gina kiɗan da ake ce wa buluz kafin a gane dalilin da ya sa gefe na fari ya zauna daram. Buluz waƙar baƙin ciki ce ta jikokin bayi a kudancin Amurka. Baitinta yana da awo 12, kowane awo bugu 4, an kasa su kashi 3. A kashi na fari mawaƙi ya faɗi damuwarsa, a na biyu ya maimaita ta da ɗan canji, a na uku ya kawo maganar da za ta rufe, sau da yawa da ba'a a cikinta. Abin lura shi ne mawaƙi ba ya cika kashin nan da murya. Wajen rabi yake ci, ya bar sauran ga ƙaho ko molo ya ba shi amsa. Watau tun asali an bar wa kayan kiɗa gurbi a tsakanin layi da layi, kamar yadda mai bayarwa yake bar wa ƴan amshi nasu. Hughes ya zuba waƙoƙinsa da yawa a wannan ma'auni, don haka gurbin yana nan a takarda tun kafin makaɗi ya zo.

Feather ya gane wannan, ya kuwa zaɓi mutanen da suka tsufa a sana'ar ba da amsa. Henry Allen, wanda ake kira Red, ɗan New Orleans, shi ne a kan ƙaho. Vic Dickenson yana busa dogon ƙahon nan mai zugewa, Sam Taylor yana kan saksofon, Al Williams piyano, Milt Hinton babban goge wanda ake kaɗawa da yatsa, Osie Johnson ganguna. Hughes ya faɗi layi, ƙaho ya yi masa guna-guni. Ya sake faɗa, dogon ƙaho ya yi kamar dariyar tsoho. Dickenson ya yi suna da iya sa ƙarfe ya yi magana irin ta mutum, a waƙoƙin ba'a kuwa, kamar wadda wani ya sha muguwar barasa ya yi mugun mafarki ya farka ya tarar minsharin matarsa ne, irin busarsa ce abin da ake bukata. Babu kalmar da ta ɓace a gefen nan. Wanda Turancinsa na makaranta ne ma yana iya bin zancen daga farko har ƙarshe.

Laifin gefen nan shi ne ladabinsa ya yi yawa. Makaɗan sun san an kira su ne su raka baƙo, suka kuwa raka shi da mutunci, suna bayansa da taki ɗaya. In waƙa ta yi baƙin ciki su sassauta, in ta yi wasa su yi wasa. Ba inda kiɗa ya ce wa magana a'a. Bayan ƴan mintoci mai sauraro yakan san abin da zai biyo baya, kunne kuwa da zarar ya san hanya sai ya fara gyangyaɗi.

Ga kuma zancen muryar Hughes kanta, wadda mutane da yawa suka yi kuka da ita. Murya ce mai laushi, ba hawa ba sauka, kamar akawu yana karanta sanarwa. Wanda ya saba da masu wa'azin baƙar fata na Amurka, waɗanda sukan fara a hankali su ƙare da tsawa, zai yi mamakin jin marubucinsu mafi suna yana karatu kamar ba abin da ya dame shi. Amma akwai hikima a ciki. Buluz ba ta kuka a fili, dariya take yi don kada hawaye ya zubo. Da Hughes ya yi kukan da bakinsa, da ƙaho ya rasa aikin yi, da kuma abin ya zama biyu babu. Ya faɗi magana a bushe, ya bar wa ƙarfe jiƙa ta. Inda muryar ta kasa shi ne inda mai magana a cikin waƙa ya canja. Hughes yakan sa kalmomi a bakin mace, a bakin mashayi, a bakin ɗan ƙwadago, amma a faifan duka da murya ɗaya suke fitowa, ta mutum mai shekara hamsin da ƴan kai wanda ya sa taguwa mai guga.

A gefen nan na fari akwai wata gajeriyar waƙa, wadda ya rubuta tun 1940, da ta taɓa ainihin abin da ake jayayya a kai. A cikinta yana ƙara cewa an kwashe masa buluz an kai manyan gidajen wasan Turawa, an gauraya ta da kiɗan manyan ƙungiyoyinsu, an gyara ta har ba ya gane kansa a ciki, yana kuma sa rai wata rana wani nasa zai tashi ya yi zancensa da kansa. Ba ƙarar banza ba ce. Tun 1924, sa'ad da Paul Whiteman ya gabatar da Rhapsody in Blue na George Gershwin a Niyok, Turawa ne ake kira sarakunan jaz, kuɗi kuwa can yake tafiya. Feather kansa Bature ne haifaffen Landan. A yi masa adalci, ya bar ƙarar ta shiga faifan da shi ya shirya, ya kuma sa masu kayan su yi kiɗan. Amma wanda ya ji waƙar nan ba zai ƙara ɗaukar gamin magana da jaz da kiɗan Turai kamar wasan gwada dabara kawai ba. Akwai tambayar wa ke da kaya, wa kuma ke cin riba.

Turawan Turai sun riga sun gwada nasu gamin, ta wata ƙofa dabam. Suna da abin da za a iya kira kiɗan zaure, watau kiɗan da mutum uku ko biyar ko bakwai suke yi a ɗan ƙaramin wuri, kowa da kayansa, kowa da takardarsa, ba mai ƙara ko bugu ɗaya daga kansa. A 1912 a Barlin, Arnold Schoenberg ya fito da Pierrot lunaire: waƙoƙi 21 na wani ɗan Beljiyam, Albert Giraud, a fassarar Jamusanci, da mace ɗaya mai faɗa, da makaɗa 5. Matar, Albertine Zehme, ƴar wasan kwaikwayo ce. Schoenberg ya rubuta mata sautin kowace gaɓa, amma ya ce kada ta rera: ta taɓa sautin ta sake shi nan da nan, ta zame sama ko ƙasa. Abin da ya fito yana tsakanin magana da waƙa, yana ta da tsigar jiki, ya kuwa dace da zancen wata da jini da hauka da ke cikin baitocin. Sai dai fiye da shekara ɗari ke nan ba a daidaita a kan yadda za a yi shi ba. Pierre Boulez ya ɗauke shi a faifai da mata dabam dabam, a na 1977 Yvonne Minton ta kusa rera shi sarai, waɗansu kuwa suka ce ta karya dokar mai shi.

Dalilin rikicin ba zai yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba. A Hausa kowace kalma tana da hawa da saukarta, in aka juya su ma'ana ta juya, shi ya sa kalangu yake iya faɗin taken mutum har ya waiwayo. Jamusanci da Ingilishi ba haka suke ba. Kalmarsu nauyi take da shi a wata gaɓa, hawa da sauka kuwa na mai magana ne, yana sa su inda zuciyarsa ta so. In mai tsara kiɗa ya ƙwace masa wannan, ya ƙwace abin da ya sa magana ta zama magana. Mahaɗar maganarsu da kiɗa tana wurin bugu.

William Walton ya bi ta nan. Yana ɗan shekara 19 sa'ad da ya sa wa waƙoƙin Edith Sitwell kiɗa, aka kira aikin Façade. An fara yinsa a gidan su Sitwell a Landan a watan Janairu na 1922, aka kai shi gaban jama'a a Yuni na 1923. Sitwell ta ɓuya a bayan labule mai zane, tana magana ta cikin wani babban mazurari na ƙara murya da aka zuro ta labulen. Walton ya rubuta bugun kowace gaɓa, ya bar mata sauti. A tsarin da aka buga a 1951 waƙoƙi 21 ne, makaɗa 6, har da saksofon, kiɗan kuwa cike yake da raye-rayen zamanin. Abin yana da daɗi ƙwarai, ba a musu. Amma a wurare da yawa gudun ya kai inda Baturen Ingila ma ba ya kama zancen sai da takarda a hannu. Harshe ya koma ganga ta bakwai. Sitwell ba ta damu ba, gama ƙarar kalmomi take nema fiye da ma'anarsu. Da za a kama zancen duka ma, akwai kalmomi a kan baƙar fata a cikin waɗansu baitocin da ba su da daɗin ji.

Igor Stravinsky ne ya fi su sanin ya kamata. A 1918, yaƙi ya hana shi kuɗi da babbar ƙungiya, sai shi da marubuci Ramuz suka shirya L'Histoire du soldat, labarin sojan da ya ba Iblis gogensa a bakin wani littafi mai kawo dukiya. Makaɗa 7 ne, da masu magana, da mai rawa. An yi shi sau ɗaya a Lozan ta ƙasar Suwis a watan Satumba, annobar mura ta hana yawon da aka shirya. A yawancin aikin, in mai labari yana magana makaɗa sukan yi shiru, in suna kiɗa shi ya yi shiru, sai a ƴan wurare yake taka kalmominsa a kan bugun maci. Akwai rawar ragtaim ta baƙaƙen Amurka a ciki, ko da yake Stravinsky ya ce a takarda kawai ya san ta a lokacin, bai ji ta da kunne ba tukuna. Shekara 80 bayan haka, a 1998, Wynton Marsalis, ɗan New Orleans, ya ɗauki kayan kiɗa bakwai ɗin nan daidai, Stanley Crouch ya rubuta masa sabon labari, suka kira shi A Fiddler's Tale. Mai kaya ya bi sawun kayansa har gidan wanda ya ara.

Wannan doguwar kewaya ta zama dole saboda Mingus, gama shi mutum ne da ya tsaya da ƙafa ɗaya a kowane gida. An haife shi a 1922, ya girma a unguwar Watts ta Los Anjalas. Yana yaro ya koyi matsakaicin gogen nan na kiɗan zaure, wanda ake kira selo, sai aka ba shi shawara ya bar shi ya kama babban goge, domin a zamanin nan ba ƙungiyar Turawa da za ta ɗauki baƙar fata. Ya yi karatun gogen a hannun Herman Reinshagen, tsohon makaɗin babbar ƙungiyar Niyok. Yana son Debussy da Stravinsky, yana kuma ɗauke da abin da ya ji yana yaro a majami'ar da matar ubansa take kai shi, inda mai wa'azi yakan faɗa jama'a su amsa da nishi da tafi. Tun yana saurayi ya rubuta waƙa a kan mutuwa ya sa mata kiɗa, The Chill of Death, wadda ba ta fito a faifai ba sai a 1972. A 1957 kaɗai ya yi aiki biyu na magana da kiɗa, The Clown da Scenes in the City. Saboda haka ba baƙo ba ne a wannan gona sa'ad da ya gamu da Hughes.

A jikin faifan an sa sunan ƙungiyar Horace Parlan, mai piyano, domin yarjejeniyar Mingus da wani kamfani, amma kowa ya san mai gidan. Parlan kansa abin kallo ne: shan inna ta taɓa masa hannun dama yana yaro, ya mai da ƙarfinsa hannun hagu. Sauran su ne Jimmy Knepper a dogon ƙaho, Shafi Hadi a saksofon, Kenny Dennis a ganguna. Waƙoƙin gefen nan da yawa daga littafin 1951 suke, Montage of a Dream Deferred, wanda Hughes ya gina a kan sabon jaz mai tsalle-tsalle na bayan yaƙi, zancensa kuwa burin mutanen Harlem ne da ake ta ce musu su jira. Akwai kuma Consider Me, inda wani ɗan ƙwadago yake lissafin yadda yake sammako zuwa aiki, albashi ba ya kai wa, har matar da yake ƙauna ma dole ta fita nema.

A nan kiɗa ya daina zama ɗan rakiya. Mingus ya kawo kaɗe-kaɗensa na kansa, irin su Weird Nightmare da Jump Monk, waɗanda suna da ransu tun kafin su gamu da kalmomin. Yakan canja gudu a tsakiyar hanya. Yakan bar babban goge shi kaɗai a ƙarƙashin murya, sa'an nan ya sako sauran gaba ɗaya. Hughes yana faɗin maganar haƙuri da muryarsa mai sanyi, a ƙasa kuwa gogen yana tafasa, sai mai sauraro ya ji abu biyu a lokaci guda: abin da baƙar fata yake faɗa a gaban maigida, da abin da yake haɗiyewa. Takarda ba ta iya yin wannan, kiɗa shi kaɗai ma ba ya iyawa, domin ba zai faɗi ko nawa ne albashin ba. Ƴan mintocin nan su ne hujjar dukan sana'ar. A tuna kuma da shekarar. Watanni shida kafin a ɗauki faifan, gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya sa sojoji sun tare yara baƙar fata 9 a ƙofar makaranta a Little Rock. Mingus ya yi masa kiɗan zambo wanda ya fito a 1959 ba kalmomi, ya sake fitowa a 1960 da kalmomi, na biyun ne kuwa ya kira sunan mutumin da baki.

Duk da haka gefen Mingus yana da nasa ciwo. Inda makaɗan suka yi zafi, kunne yakan bi su ya bar mai magana, gama ba wanda zai iya sauraron saksofon yana zuba da kuma baiti mai ma'ana biyu a numfashi ɗaya. Hughes kuwa ba ya tashi ya yi kokawa da su. Yana nan a gudunsa na kullum, wani lokaci sai ya zama kamar fasinjan da mota ta tashi ta bari yana daga tsaye. Mutane sukan yabi gefen nan su raina na Feather. Gaskiyar ita ce na Feather ya fi kiyaye waƙoƙin, na Mingus ya fi ƙara musu abin da ba su da shi, ya kuma fi yi musu ɓarna.

A shekarun nan jaridun Amurka sun cika da labarin wata sabuwar al'ada a San Faransisko, inda Kenneth Rexroth da Lawrence Ferlinghetti suke karanta waƙoƙi da ƴan jaz a wani gidan shaƙatawa mai suna Cellar, aka kuma buga faifansu a 1957. Kenneth Patchen yana yawo da wata ƙungiya ta mutum 6 da ta haɗa sunan jaz da na kiɗan zaure, Chamber Jazz Sextet. Jack Kerouac ya yi nasa da Al Cohn da Zoot Sims, ya fito a 1959. Aka yi ta magana kamar su suka ƙago abin, alhali Hughes ya fi shekara 30 yana rubutu daga cikin kiɗan nan. A yawancin faifan Cellar dogayen baitoci ne marasa gurbi, mai karatu yana nasa, makaɗa suna nasu, kamar maƙwabta biyu kowa ya kunna rediyonsa. Na Kerouac ya fi dama a inda ya faɗi ƴar gajeriyar waƙa ya yi shiru, saksofon ya amsa. Dabarar buluz ce dai ya koma wa.

Masu karatu a ƙasashen da ake koyar da Faransanci sun san wani abu makamancin wannan a wurin Léopold Senghor na Sanigal, wanda yakan rubuta a ƙarƙashin sunan waƙa irin kayan da za a kaɗa mata, kora ko balafon. A littafinsa Éthiopiques na 1956, waƙar da ya yi wa birnin Niyok ƙungiyar jaz ya nema mata, da ƙaho shi kaɗai. Senghor ya san aikin Hughes tun yana ɗalibi a Paris, Hughes kuma ya halarci bikin fasahar baƙar fata da Senghor ya kira a Dakar a 1966. Amma umarnin Senghor layi ɗaya ne a saman shafi, yawancin masu karatu sukan tsallake shi su wuce.

Hughes ya wuce nan. A 1961 ya fitar da Ask Your Mama, doguwar waƙa mai kashi 12 wadda ya sadaukar ga Louis Armstrong. A kowane shafi baitoci suna gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuwa ya rubuta abin da makaɗa za su yi daidai wurin: inda ganga za ta shigo, inda sarewa za ta yi kuka, inda kowa zai yi shiru. Ana iya karanta wannan a matsayin gyaran abin da ya faru a 1958. Marubucin da ya ga yadda makaɗi mai ladabi yake bin sa a baya, makaɗi mai zafi kuma yake wuce shi, ya ɗauki alƙalami ya raba wa kowa lokacinsa, ya bar wa makaɗa zaɓin sautin da za su cika shi da shi. Ya rasu a watan Mayu na 1967, a wurin jana'izarsa a Harlem kuwa Randy Weston ne ya kaɗa piyano, bisa ga abin da shi Hughes ya bari a rubuce.

A 2009 Laura Karpman ta sa wa littafin nan kiɗa, aka yi shi a Carnegie Hall da babbar ƙungiyar makaɗa, da mawaƙa, da ƴan jaz, da ƙungiyar The Roots, da muryar Hughes kansa daga tsohon ɗauka. Ga buluz ta sake shiga babban gidan Turawa an gauraya ta da manyan goge, abin da waƙar 1940 ta yi ƙara a kai. Bambancin shi ne bikin da aka yi shi a ciki Jessye Norman ce ta shirya shi, baƙar mace daga Augusta ta jihar Jojiya, ita ce kuma ta tsaya a gaba ta rera. Aikin yana da girma da ƙawa, amma yawan hannu yana da tsada: muryar nan mai sanyi ta akawu, wadda mutum biyar na Mingus ma sukan rufe ta in sun yi zafi, a nan sai da na'urar ƙara murya ta ɗaga ta sama da makaɗa masu yawa kafin a ji abin da take faɗa.